Wai minista ya sauka saboda ya ce bai taɓa sayen shinkafa ba

Baban Khairat (Kura):
Salamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da sanyi. Jiya da daddare yarona ya karanto min wani labari a waya, tun jiyan yake min yawo a ka, na ce bari in kawo shi nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wai a ƙasar Japan cikin watan Mayun 2025 ministan nomansu, Taku Eto sunansa, ya tashi a taron 'yan jam'iyyarsu ya ce shi fa bai taɓa sayen shinkafa ba, magoya baya ke kawo masa kyauta, ta yi masa yawa a gida har in ya so sai ya sayar. Alhali a lokacin kuɗin shinkafa ya ninka a ƙasar cikin shekara ɗaya. Jama'a suka yi masa ca, ya fito ya ba da haƙuri har yana cewa matarsa ma ta yi masa faɗa, amma ina, ko sati bai ƙara ba ya ajiye muƙamin. Ba taki ya karkatar ba, ba kuɗin tarakta ya ci ba, baki ne kawai ya suɓuce masa.

Sau biyu na sa yaron ya maimaita min don na ɗauka irin ƙaryar nan ce ta Facebook. Abin da ya sa labarin ya tsaya min a rai kuwa, a jiyan na kai shanshera buhu goma sha biyu kasuwa, na dawo da abata ko ɗaya ban sayar ba. Dillali ya soka ƙarfensa a buhu ya zuba a tafin hannu, ya murza, ya tauna ƙwaya biyu, ya ce min Malam kaya sun yi kyau amma kasuwa ta mutu, sannan ya faɗi kuɗin da in na karɓa ko bashin taki da man ban ruwa ba zai rufe ba. Na biya ɗan kurkura zuwa da dawowa a banza. To ni tambayata, mu nan wa zai sauka?

Ɗan Auyo:
Wa alaikumus salam. Hhhhh Baban Khairat kai ma dai da neman magana, sauka kuma? A nan in minista ya faɗi haka ai tafi za a yi masa, washegari ka ji maroƙi ya saka shi a waƙa, mai shinkafa ba ya sayen shinkafa.

Abba Mai Sola:
Ƙasar da aka ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurɗi a 2018 kake tambayar wa zai sauka? Mu nan Kano ma ai a 2019 aka ce goggon biri ya cinye miliyan shida da dubu ɗari takwas a gidan zu, sai da Ganduje ya fito da kansa ya ce babu ma goggon biri a gidan. Dabbobinmu ba ciyawa suke ci ba wlh.

Maman Walid (Garun Malam):
Salamu alaikum. Baban Khairat Allah ya mayar da alheri, na ji ba daɗi da asarar kuɗin motarka, amma don Allah ku manoma ku bar mu mu ɗan numfasa. Ni gumi nake yi ina sayarwa a kwano, kuma ni ce mai aza tukunyar mutum tara a gidan nan, don haka gefe biyun duk na sani. Kun manta 2024 ne? Ni ban manta ba. A shekarar afafata, wato gutsuttsarin shinkafa, da muke tsincewa mu zubar wa kaji, ko masu kiwon kifi su zo su kwasa, ita mata suke layi a ƙofar gidana suna nema, wata ta zo da mayafi ta rufe fuska don kar a gane ta, ta ce in auna mata rabin kwano in ɗaure a baƙar leda kar maƙwabta su gani. Baƙa ce, ga tsakuwa ga wari, sai an wanke ta sau huɗu sau biyar. A watan Fabrairun shekarar ne mata masu gurasa suka fito kan titi a cikin birnin Kano saboda tsadar fulawa, matan da sana'arsu a bakin tanderu take ba a titi ba. A lokacin wane manomi ne ya shigo zauren nan ya ce jama'a abinci ya yi tsada a tausaya? Shiru kuka yi kuna sayen babura kuna ƙara aure. Yanzu da Allah ya kawo sauƙi yara suka koma cin sau uku shi ne za ku ce a sauke minista.

Ɗan Auyo:
Tab. Hajiya ta zo da zafinta.

Baban Khairat (Kura):
Maman Walid wallahi ban ƙi gaskiyarki ba, kuma ni dai ban ƙara aure ba, uwargida tana cikin zauren nan ta shaida. Babur kam na saya ba zan ɓoye ba, shi ne ma nake shirin sayarwa yanzu. Amma ki fahimce ni, ba cewa na yi abinci ya koma tsada ba, ni ma ai ba shinkafa kaɗai ake ci a gidana ba, mai da magi da sabulu da kuɗin makaranta duk saya nake. Abin da nake cewa in za a karya kuɗin abin da na noma to a karya kuɗin abin da na noma shi da shi. Da can in na sayar da buhun shanshera ɗaya zan sayi yuriya har a ba ni canji, bana buhu ɗaya bai kawo min buhun taki ba sai na ɗora, mai masara kuwa nasa ya fi nawa muni, buhu biyu yake kaiwa ya dawo da kamfa ɗaya, wato takin NPK. Fetur na inji bai sauka ba, maganin feshi bai sauka ba, 'yan dashe ba su rage ba, masu yanka da bugu ba su rage ba. Ni kaɗai aka ce in rage.

Ɗalibi (Wudil):
Baba bari in ɗan saka baki da abin da na sani. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba, na kwana 150. Makonni kaɗan ne kafin zanga-zangar yunwa ta farkon Agusta, wadda har wasu yara suka ɗaga tutar Rasha a Kano. Tsoron titi ne ya kawo matakin ba lissafin gona ba, ni dai haka nake gani. Shi kuma taki abin mamakin shi ne yuriya a ƙasar nan ake yin ta, akwai kamfanin Indorama a kusa da Fatakwal, akwai na Ɗangote a Legas da aka buɗe a 2022, har fitar da ita ake yi zuwa Barazil da Amurka. To tunda mai kamfani yana da mai saye da dala, kai ma da kuɗin da ya yi daidai da na dala zai sayar maka. Shi NPK kuma wasu sinadaransa daga waje ake kawo su, fosfet daga Maroko misali. Kenan manomi yana sayen kayan aiki da farashin duniya, yana sayar da amfani da farashin siyasa.

Dattijo (Ɗambatta):
Yaro Allah ya yi maka albarka, a 2017, bayan yarjejeniyar taki da gwamnati ta yi da Maroko a ƙarshen 2016, naira 5,500 aka yanka wa buhun kamfa, na saya da hannuna. Yau 5,500 ko kwano nawa za ta ba ka.

Kansila Mai Jiran Gado:
Ni fa jama'a ban gane muku ba. Abinci ya yi tsada kun zagi gwamnati, ya yi araha kun zagi gwamnati, to ya ake so a yi? Shugaban ƙasa tun Yulin 2023 ya ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci, an ba kowace jiha tirela ashirin ta shinkafa a 2024, an ƙirƙiro ma'aikatar kiwo sukutum guda, mu nan Jigawa a yankin Haɗeja aka ƙaddamar da noman alkama na rani na ƙasa baki ɗaya a ƙarshen 2023. Duk wannan ba aiki ba ne? Mutum dai ba a iya masa.

Ɗan Auyo:
Honorabul tirela ashirin ɗin nan nawa ta iso mazaɓarka? An ce da kare ana biki a gidansu ya ce in gani a ƙasa.

Kansila Mai Jiran Gado:
Ta iso mana, ni na shaida rabo.

Ɗan Auyo:
Ai shi ya sa na tambaye ka, masu shaida rabo su ne masu rabo. Bari in ba ku nawa labarin na tallafin taki, ba zan kama sunan ofishi ko mutum ba. Aka ce mu kawo hoto da lambar NIN, na hau babur na je na cike fom, aka ɗauki hoton yatsana, aka ɗauki hotona a tsaye a bakin gona ina riƙe da fartanya kamar ɗan fim. Wannan a farkon damina ne. Shiru shiru har gero ya yi bununi, sai ga kira wai mu zo firamare. Muka je muka tarar da rumfa da kujerun roba da lasifika, aka yi jawabi awa biyu muna rana, aka jera buhuna aka yi hoto, manya suka shiga mota. Da aka zo rabo sai aka ce buhu ɗaya mutum huɗu. Wallahi tallahi a gaban ajin 'yan aji uku muka farke buhun da reza muka aro kwano a gidan maƙwabta muna aunawa, ɗayanmu ba shi da leda ya cire hularsa da rigarsa ya ɗaure nasa a ciki, har aka kusa dambe a kan kwanon ƙarshe da bai cika ba. Na dawo gida na lissafa kuɗin mai da hoto da fotokwafi, sai na ga da na zauna a gida na saya a kasuwa da na fi riba. Da yamma kuma na ji a rediyo an ce manoma sun yi godiya.

Maman Walid (Garun Malam):
Hhhh Allah ya isa dai, mu mata ma ko kwanon ba ma gani, sai lokacin zaɓe a tuna da mu da taliya ƙwaya biyu da sabulu da atamfa mai zuba.

Admin:
Jama'a a ci gaba da muhawara amma ban da kama suna ban da zagi, kuma Honorabul ka daina turo fosta, wannan ta uku kenan na goge.

Jauro (Ringim):
Ni duk wannan bai ba ni mamaki ba kamar wanda na ji a rediyo, wai ƙasar Denmak za ta fara karɓar haraji a kan iskar da shanu da aladu ke fitarwa, gyatsa da waccan ɗayar, daga shekarar 2030, wai tana ɗumama duniya. An ce New Zealand ma sun so yi manomansu suka tayar da ƙayar baya aka fasa. Mu da muka taso muna jin tusa ba ta hura wuta, ashe a wani wurin har kuɗi take jawowa. Don Allah kar wanda ya tura wa 'yan majalisarmu labarin nan.

Babarbare (Birniwa):
Ai gara a kawo shi, Fulani sun daɗe suna ɓata mana iska kyauta. Jauro kai sai a yi maka kuɗin shanu daban naka daban, don na san aikin nono da wake.

Jauro (Ringim):
Ji bawa na magana. Je ka ka gama wanke zanen fuskarka tukunna ka zo mu yi lissafi.

Dattijo (Ɗambatta):
Ku yara kuna dariya, harajin shanu ai ba baƙonmu ba ne, jangali sunansa, kowace saniya da kuɗinta, Fulani su kwashe garke su shige daji in sun ji masu ƙidaya na tafe. Marigayi Abubakar Rimi ne ya soke shi da haraji a tsohuwar jihar Kano da PRP ta hau a 1979, lokacin Jigawa tana ciki, ranar mutane har kuka suka yi don murna.

Tunda kun taɓo tarihi bari in faɗa muku, wannan wasa da abinci da 'yan siyasa ke yi ya girmi yawancinku. Ni na ga dalar gyaɗa a Kano da idona ina yaro, ba hoto ba, buhu kan buhu har sai ka ɗaga kai hula ta faɗi, jirgin ƙasa yana kwasa zuwa Legas. Amma ku sani ko a lokacin ba manomi ne ya yi arziki da ita ba, hukumar saye ce ke yanka farashi, 'yan baranda da wakilan saye su ci nasu, mahaifina ya kai gyaɗa a jaki ya dawo da ƙyallen uwarmu da gishiri da kananzir. Aka yi farin 1973, cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, dala ta watse. Obasanjo ya zo da shirinsa na ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya zo da nasa juyin noman, kuma a mulkin Shagarin ne aka kafa kwamitin shigo da shinkafa aka ba Umaru Dikko, wanda daga baya a 1984 aka same shi a cikin akwati a filin jirgi a Ingila ana shirin dawo da shi. Kun ga kenan shinkafa ta taɓa saka mutum a akwati a ƙasar nan, ba dai ta sa shi ya sauka da ƙafarsa ba. Da na ga dalar shinkafar da aka yi a Abuja a Janairun 2022, aka ce buhu miliyan ne, Buhari ya je ya buɗe, sai na ce da jikana kashe talabijin ɗin nan, waccan dalar jiran jirgi take yi, wannan jiran mai hoto.

Kansila Mai Jiran Gado:
Baba da girmanka, amma shirin Anko na bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka fara a Kebbi a 2015 da rufe boda a 2019 ai su suka sa Kura ta cika da injinan casa, wannan ba hoto ba ne.

Baban Khairat (Kura):
Wannan kam gaskiya ne Honorabul, ba zan ƙi ba, a shekarun nan ne na yi rufin kwano, yara da yawa da ke tafiya Legas acaɓa suka dawo suka kama fangali. Kuma mu ma manoma muna da namu laifin, da yawa sun karɓi bashin Anko sun ɗauka rabonsu ne na gwamnati ba su biya ba, wasu ma ba su da ko taƙi ɗaya na gona, a kasuwa suka sayar da takin da injin. Amma ka duba abin da ake mana, wannan ya zo ya rufe boda ya ce ku noma abin da za ku ci, ka ci bashi ka faɗaɗa gona ka haƙa rijiya, wancan ya zo ya buɗe ƙofa ba sallama ba gargaɗi alhali kayanka suna gona. Shinkafa wata huɗu take yi, ba a shuka ta da sanarwa a girbe ta da sanarwa. Da za a ce mana tun kafin dashe ga abin da za a yi, ai sai mutum ya san inda zai sa kuɗinsa.

Malam Ticha (Gumel):
Ina ta karantawa ban ce komai ba. Ni albashi nake ɗauka, mafi ƙarancin albashi dubu 70 aka sa hannu a 2024, akwai lokacin da albashina gaba ɗaya bai sayen buhun shinkafa, don haka in na ce ban ji daɗin saukar farashi ba na yi ƙarya. Amma tsorona ɗaya, ƙanina da ke noma gonar gidanmu ya ce bana ba zai yi masara ba, riɗi da zoɓo zai yi tunda su ba sa cin taki sosai kuma 'yan Meziko da Japan ba sa jiran sanarwar Abuja kafin su saya. In kowa ya yi irin tunaninsa to arahar nan ta shekara ɗaya ce, baɗi mu da Maman Walid za mu koma layin afafata. Zoɓo dai ba a tuwo da shi.

Ɗalibi (Wudil):
Malam abin da ya faru a Siri Lanka kenan ta wata fuskar. A 2021 shugabansu Gotabaya Rajapaksa ya wayi gari ya hana shigo da takin zamani gaba ɗaya, wai kowa ya koma takin gargajiya, shinkafa da ganyen shayi suka faɗi, ƙasar da ke ciyar da kanta da shinkafa ta koma saye, ga bashi ga rashin mai, a Yulin 2022 mutane suka shiga fadarsa har suna wanka a kwamin ninƙayarsa, shi kuma ya gudu ƙasar waje. Mu ba a hana taki da doka ba, kuɗinsa ne ya hana.

Mai Tumatir (Kwanar Gafan):
Ku masu shinkafa ku gode wa Allah, ku kuna iya mayar da kayanku gida ku jingine a ɗaki. Ni fa? In kwando ya kwana biyu sai dai a yanka a shanya a bakin titi ya zama kauɗa ƙura na hawa, in ma an samu masu yankan. Kun tuna 2016 da tsutsar sharon ta shigo, ka kwanta da gona kore shar ka tashi ka ga kamar an bi ta da wuta, har jihar Kaduna ta sa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin tumatirin Kadawa da aka buɗe a shekarar ya tsaya don babu abin niƙawa. A shekarar wani yaro ya nuna min bidiyon wani gari a Sifaniya da suke biki duk watan Agusta suna jifan juna da tumatir mota-mota, suna birgima a ciki har wuya, mu kuma nan mata na miya da karas da jan gwoza. Wallahi sai da na ji hawaye. Amma da kaka ta zo mu ma ai bikin muke yi, sai dai mu ba da dariya ba, a kwalbati muke zubarwa.

Ɗan Maigatari:
Mu nan bakin iyaka namu salon daban ne. Kafin babbar sallar 2025 Nijar ta hana fitar da dabbobi don raguna su yi sauƙi a wurinsu, kafin nan ma sun hana fitar da hatsi sai dai zuwa Mali da Burkina Faso. Ranar Alhamis ka shigo kara ka ga turaku a bushe, dillalai na zaune suna korar ƙuda. Kowace gwamnati so take mutanen birninta su ci da araha, mai kiwo da mai noma su ji da kansu. Jakuna kuwa dama sun kusa ƙarewa saboda fatarsu da ake kaiwa Chana ana haɗa magani, har sai da Tarayyar Afirka ta hana yanka su don fata a 2024, yau jaki ya fi ƙarfin talakan da aka san shi da shi. Kuma kun san Chadi da shanu ta amince za ta biya Angola bashi? Dala miliyan 100, shanu dubu 75, aka fara lodi a jirgin ruwa a 2020.

Babarbare (Birniwa):
To Baban Khairat ga shawara, kai ma ka kai wa mai takin shanshera ka ce tsarin Chadi za a bi.

Baban Khairat (Kura):
Na gwada wlh, ya ce shi ma kamfani ba ya karɓar shanshera.

Alhaji Dillali:
Ina jin ku tun safe kowa na harbin dillali a kaikaice. Ni la'ada nake ci, in kaya sun yi tsada la'adata ta fi kauri, to me zan samu da karyewar kasuwa? Masu manyan injina ne suka rage saye, wasu sun kashe injin ma, sun ce wadda aka shigo da ita ta fi musu sauƙi. Mu ma da muka ajiye kaya bara muna jiran tashi mun ƙone, akwai wanda ya sayi masara ya tara a sito ya sayar da ita ƙasa da rabin kuɗinta, yanzu haka hawan jini ke damunsa. A 2024 da hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe rumbuna a Dawanau ana cewa ɓoye abinci ake yi kowa ya yi ta murna, yau da za a samu mai saye ya ɓoye ai da Baban Khairat bai dawo da kayansa gida ba.

Maman Walid (Garun Malam):
Alhaji Allah ya ba shi lafiya amma ni ba zan yi kukan mai sito ba, lokacin da yake jiran tashi yaran wasu da ruwan zafi da kanzo suke kwana. Baban Khairat ni yanzu magana ta kasuwa zan maka, wace iri ce shinkafar taka, kuma ta bushe sosai? Don ni abin da ke kashe ni, kai an taya maka a wulaƙance, ni kuma in na je saye buhu biyu uku sai a ce min kaya sun yi wuya, tsakanina da kai ko tafiyar minti ashirin babu amma sai ta bi hannu uku kafin ta iso tukunyata.

Baban Khairat (Kura):
Jamila ce Hajiya, ta bushe ƙarau, a kan tamfol aka buga ta babu tsakuwa, in kin tauna za ki ji tana ƙas. In da gaske kike ki ɗauki huɗu yanzu, ki ba ni kuɗin biyu in kai wa mai taki ya sake min wuya, sauran in kin gyara kin sayar.

Maman Walid (Garun Malam):
Uku zan iya, tukunyata ba ta wuce haka a sati, kuma sai na ga yadda take fita a inji, in ta cika karyewa zan rage maka. In ta yi kyau akwai mata biyar a layinmu duk sana'armu ɗaya, sai su kwashe sauran.

Alhaji Dillali:
To ni kuma la'adata fa, a gabana aka yi cinikin nan.

Ɗan Auyo:
Alhaji kai ne ministan da zai sauka yau.

Jauro (Ringim):
Hajiya in kin casa ki ajiye min dusar, zan aiko yaro, amma ba da kuɗin Denmak ba.

Baban Khairat (Kura):
Maman Walid gobe bayan azahar zan sa a kawo miki har ƙofa, kuɗin kurkura mu raba biyu. In za ki auna don ki tabbatar ki auna, amma da kwanon gaskiya, ba irin wanda aka bubbuga wa gindi ya zurma ba, na san halinku 'yan gumi.

Maman Walid (Garun Malam):
Kai dai ka tabbata na ƙasan buhun irin na saman ne, don juye shi zan yi a tabarma a gaban ɗan kurkurar. Kuɗin mota kuma kai za ka biya, ai dama ka saba biya a banza.